Jininka a Kan Gyambonka: Magana Kan PRP Kafin a Jinginar da Gona

 

Yau ba darasin zuma ko habbatus sauda za mu yi ba, kodayake zuma za ta shigo can gaba. Wani saƙon murya ne ya hana ni sakat tun shekaranjiya. Wani matashi ne daga wajen Bunkure ya turo, ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam, Babanmu ne ya taka wani abu a fangalin shinkafa lokacin dashe. Ɗan ƙaramin ciwo ne a tafin ƙafa, yanzu wata na uku kenan ya ƙi warkewa, har ya fara wari. Kuma yana da suga. Na ga bidiyo a Facebook ana cewa akwai sabon magani, a ɗebi jinin mutum a tace a zuba masa a ciwon, wai shi PRP, kwana kaɗan ya rufe. Mun yi shawara za mu ba da jinginar gonarmu ta bakin kanal mu kai shi. Ya halatta a Musulunci? Kuma da gaske yana aiki?"

Na ba shi amsa nan take, don ƙafar ba za ta jira in gama rubutu ba. Amma na san ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya shigo Kura da Bunkure da Garun Malam, mutanenmu rani da damina ƙafarsu na cikin laka. Lauje ya yanka, ƙaya ta soka, fasasshiyar kwalba a bakin kanal, injin casa ya kama yatsa. Ga suga da ya yi yawa a gidajenmu yanzu. Ga matanmu da ake yi wa tiyatar haihuwa. Duk gidan da akwai ciwon da ya ƙi rufewa, wannan talla za ta iso shi, in ba ta riga ta iso ba.

Bari in faɗi matsayata tun farko, saboda masu karanta layi biyar su wuce. PRP ba ƙarya ba ne, kuma ban ga inda shari'a ta hana shi ba. Amma ba shi ne abin da ƙafar wannan dattijo take buƙata a wannan makon ba. Kar a taɓa gonar nan.

*To mene ne shi PRP ɗin?*

A cikin jinin da Allah Ya halitta mana akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai farare masu yaƙi da cuta, sannan akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da likitoci ke kira faletilet. Su ne masu tsayar da jini. In lauje ya yanke ka, ka danne wurin na ɗan lokaci ka ga jini ya tsaya, aikinsu ne. A ɓargon ƙashi ake ƙera su, kowacce tana rayuwa kwana 7 zuwa 10 a maye gurbinta. A ɗigon jinin da bai kai girman ƙwayar gero ba, abin da ake kira maikurolita ɗaya, mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000. Subhanallah.

Kuma ba toshe ƙofa kaɗai suke yi ba. In sun taru a bakin rauni sai su fashe su saki wasu sinadarai masu kiran gyara: wannan ya kira sababbin hanyoyin jini su tsiro, wancan ya kira nama ya ciko, wani ya kira fata ta rufe. Kamar mai gayya ne da ya fara isa gona, ya tsaya yana ƙwala wa jama'a kira.

Sai likitoci suka ce, to me zai hana mu tara masu kiran nan da yawa a wuri ɗaya? Shi ne ake ɗibar jinin mara lafiya daga hannu, kamar cokalin cin abinci ɗaya zuwa huɗu, a sa a kwalba ta musamman, a sa a injin da ke wulwula ta da gudu na minti goma zuwa sha biyar. Kamar dai yadda ake kaɗa nono mai ya rabu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin ɗorawa ya taso sama, faletilet su taru a tsakani. Wannan ruwan da aka zuƙo, mai faletilet ninki uku zuwa biyar na jinin da ke yawo a jiki, shi ne PRP. Ko a yi allurarsa a wurin ciwon, ko a daskarar da shi ya yi kauri a shimfiɗa a kan miki a rufe. Shi kenan fa. Babu wani sirri a ciki, babu maganin da aka zuba daga waje in ban da abin hana jinin daskarewa a kwalba da abin daskarar da shi daga baya.

Kuma ba sabon abu ba ne kamar yadda masu talla ke nunawa. Tun 1986 wani likita a Amurka, David Knighton, ya fara ba da rahoton sa sinadaran faletilet a kan tsofaffin gyambuna. A 1998 Robert Marx, likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, ya yi amfani da shi wajen dashen ƙashin muƙamuƙi. Abin da ya sa ya yi suna a duniya 'yan wasa ne, irin su Tiger Woods da Rafael Nadal, da aka ji an yi musu. Daga nan masu gyaran fuska da masu tsirar da gashi suka ɗauka, kasuwa ta buɗe.

*Hukuncinsa*

Abin da ya ɗaure wa matashin kai shi ne jini. Ya san jinin da ya kwarara haramun ne, kuma najasa ne. Haka ne, amma abin da ayar Suratul An'am ta haramta shi ne ci da sha. Nan kuwa ba sha ake yi ba, jinin mutum ne aka ɗiba daga hannunsa aka mayar a ƙafarsa don magani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta a cire wani sashe na jikin mutum a mayar a wani wuri na jikinsa, matuƙar amfanin da ake sa rai ya rinjayi cutarwar. Har daga jikin wani zuwa wani ta halatta a abin da jiki ke sake yin sabo, irin jini da fata. In ƙarin jinin wani ya halatta saboda lalura, naka na kanka ai ya fi sauƙi. Kuɗin da za ka biya kuma ladan aiki ne da kayan aiki, ba kuɗin jini ba. Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam da Abu Ɗaiba ya yi masa ƙaho, ya biya shi da abinci.

Amma ku lura da sharaɗin nan: amfani ya rinjayi cutarwa. Halascin abu daban, dacewarsa da ciwonka daban. Naman rago halal ne, amma ba a ba jariri.

Wani kuma ya taɓa ce min ai wannan hijama ce ta Turawa. A'a. Ƙaho ana fitar da jini ne a zubar. Jinin da ya taɓa iska, ya taɓa fata da kofin ƙaho, ya gurɓata, ba ya komawa jiki ta kowace hanya. Duk wanda ya ce zai tace jinin hijama ya yi maka allura da shi, tashi ka bar wurin ko takalminka ba ka ɗauka ba. Kuma tunda maganar ta zo: mai suga kar a yi masa ƙaho ko tsaga a ƙafa. Sabon ciwo za a buɗe masa.

*Yana aiki?*

A nan ne nake so a nutsu, don amsar ba "e" ba ce kai tsaye, ba kuma "a'a" ba.

Hanyar da ake gane gaskiyar magani ita ce a raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, a yi wa waɗannan, a bar waɗancan da kulawar da aka saba, a ga bambanci. An yi wa PRP wannan gwaji sau da yawa, kuma a wurare da dama ya faɗi. A Ingila, a 2019, an gwada a kan mutum 230 da jijiyar agararsu ta tsinke, ba a ga bambanci ba. A Ostareliya, a 2021, mutum 288 masu ciwon zaizayewar gwiwa: an yi wa rabi allurar PRP, rabi allurar ruwan gishiri kawai, bayan shekara ɗaya ciwonsu kusan ɗaya ne. Dattawanmu masu ciwon gwiwa da 'ya'yansu ke shirin kashe kuɗi a kai, ku ji wannan da kyau.

Inda ya nuna alamar amfani shi ne gyambon ƙafar masu suga. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tankaɗe, ta duba gwaji goma da suka haɗa mutum 442 masu tsofaffin gyambuna. Ta ce mai yiwuwa yana taimaka wa gyambon suga, amma hujjar mai rauni ce, sauran gyambuna kuwa ba a tabbatar ba. Sai a 2018 aka fitar da wani gwaji mafi ƙarfi da aka yi a Birtaniya da Denmak da Suwidin, mutum 269, da wani irin faci da ake haɗawa daga jinin mara lafiya ana ɗora masa duk mako. Cikin mako 20, kashi 34 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa facin sun warke, waɗanda ba a sa wa ba kashi 22.

Ku sake duba lissafin nan. Bambanci ne na gaske, ba a raina shi. Amma ko a Turai, da kayan aikinsu da komai, cikin mutum uku da aka yi wa, biyu ba su warke ba bayan kusan wata biyar. Ina "kwana kaɗan" ɗin da mai bidiyo ya faɗa? Shi ya sa ƙungiyar ƙwararrun duniya kan ƙafar masu suga, a jagorarta ta 2023, ta ce wannan facin kaɗai za a iya dubawa, shi ma sai inda aka yi duk kulawar da ta kamata ciwon ya ƙi motsi. Sauran nau'o'in PRP ba ta ba da shawararsu ba. Inshorar lafiyar gwamnatin Amurka kuwa ta fara biya wa masu gyambon suga kuɗinsa a 2021, iyakar mako 20. Kun ga su kansu ƙwararrun ba su gama haɗa baki ba.

Sannan abin da ya fi muhimmanci ga matashinmu: su waye aka sa a gwajin 2018 ɗin? Mutanen da aka riga aka wanke musu ciwo, aka cire mataccen nama, aka ɗauke wa ƙafar nauyi, aka bi su mako huɗu ana kulawa, ciwon bai ragu da rabi ba. Kuma a ranar farawa babu alamar ƙwayar cuta a ciwon. Ƙafar da ke wari ba ta cikinsu.

Manomi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. PRP taki ne. Ka zuba yuriya a gonar da ciyawa ta rufe, wa ka ciyar? Ka zuba a fangalin da ruwa ba ya isa saboda laka da kacalla sun toshe kanal, me zai fito? Waɗanda suka ga yadda tsutsar sharon ta cinye tumatir a 2016 sun san ko buhu nawa ka zuba, taki ba ya korar tsutsa. To mataccen nama shi ne ciyawar, sai likita ya nome shi da wuƙarsa. Hanyar jinin da suga ya toshe ita ce kanal ɗin. Ƙwayar cutar da ta sa wari, wadda wani lokaci ta riga ta kai ƙashi, ita ce tsutsar. Ga kuma Baba yana taka ƙafar kullum zuwa masallaci da gona, kamar shanu ne ke bi ta kan dashe safe da yamma.

Kuma muna da hujja ta gida, ba sai ta Turai ba. Tsakanin 2016 da 2017 likitocin suga sun bi mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa a manyan asibitoci shida na Najeriya, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Fiye da ɗaya cikin uku sai da aka yanke musu ƙafa ko wani sashe nata. Ɗaya cikin biyar sun rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Cikin abubuwan da aka gano suna kai mutum ga yanka akwai ciwon da ya wuce wata ɗaya kafin a zo asibiti, da toshewar hanyar jini, da ƙwayar cuta a ciwon, da kaiwarta ƙashi. Jinkiri ke cin ƙafafun iyayenmu. Kowane mako da iyalin nan za su ɓata suna neman mai karɓar jingina, suna tambayar inda ake PRP, ƙwayar cutar ba hutu take ba.

Akwai ma abin da ya shafe mu musamman mu mutanen bakin ruwa. Zazzaɓin cizon sauro yana rage faletilet a jini, mu kuwa sauro ba ya ɗauke mana ƙafa rani da damina. Magungunan ciwon jiki da manoma ke haɗiya kamar gyaɗa bayan an taso daga gona, asfirin da ibufurofen da dikulofenak, suna raunana aikin faletilet. Mai ƙarancin jini, mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon dajin jini, duk sai likita ya auna kafin a ce za a yi. In jinin da za a tace ɗin shi kansa ya gaji, me za a samu a kwalbar?

*Hatsarin da na fi jin tsoro*

Masu talla suna cewa tunda jininka ne, babu wata illa. Jinin naka ne, amma allurar fa? Kwalbar fa? Hannun mai yin fa?

A jihar Niyu Meziko ta Amurka an rufe wani shagon gyaran fuska a 2018, inda ake yi wa mata PRP a fuska ba tare da lasisi ba. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini babu suna a jikinsu, a firjin kicin tare da abinci, ga sirinji a buɗe a cikin durowa. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ba da rahoton mata uku da ake ganin a nan suka ɗauki cuta mai karya garkuwar jiki. A Amurka fa kenan. To ina ga ɗakin bayan kemis, inda wuta ke ɗaukewa, kuma ciwon hanta ya riga ya yi yawa a cikin al'umma?

Injin wulwula jinin nan ƙarami ne, kusan kowane leb yana da irinsa. Tsorona kenan. Ba wuya wani ya saya ya ajiye a shago, ya koyi aikin a YouTube, ya rubuta allo. Shari'a ba ta yi wasa da wannan ba: ya zo a hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito cewa wanda ya shiga aikin likita alhali ba a san shi da ilimin ba, in ya yi ɓarna shi zai ɗauki lamuni. Kuma a jihar Kano akwai hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu. Wanda ya ga ana irin wannan aiki a inda bai dace ba, ya kai rahoto, taimakon Musulmi ne.

*Mu ma mu duba kanmu*

Ba zan soki mai tallar PRP in kyale namu ba. Na tambayi matashin me aka sa wa ciwon a wata ukun nan. Ya lissafa: toka, garin kafso da aka fasa, man birki sau ɗaya, sai zuma da aka saya a tasha. Wallahi jikina ya yi sanyi, don na san in ka bi gidaje goma, takwas haka za su gaya maka.

Masu sa toka suna kafa hujja da ranar Uhudu, shekara ta uku bayan hijira. Ƙissar ingantacciya ce, tana cikin Bukhari: an ji wa Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam rauni a fuska, Nana Faɗima tana wankewa, Sayyidina Aliyu yana zuba ruwa da garkuwa. Da ta ga jini sai ƙaruwa yake, ta ƙona guntun tabarma ta ɗora, jinin ya tsaya. To mu karanta ta yadda take. Da wanki aka fara. Tokar kuma a take ta fito daga wuta, ba tokar murhu ba ce da ta kwana kaji suna tona. Kuma don tsayar da jinin sabon rauni aka sa a filin yaƙi, ba a kan gyambon wata uku ba. Sannan bayan yaƙin Handaƙ, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu, ina aka kai shi? Tantin Rufaida, matar da aka sani da jinyar masu rauni. An kai shi wurin wadda ta iya. Wannan ɓangaren sunnar mun fi mantawa da shi.

Zuma kuwa, ni da nake sayar da ita ba zan ɓoye muku ba. Allah Ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, kuma likitoci sun shaida: a 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya ba da rahoton masu miki 59 da ya yi wa jinya da zuma, kusan dukansu suka sami sauƙi. Amma likita ne ya yi, a asibiti, yana duba ciwon yana wankewa. Zumar da ake sa wa miki a asibitocin zamani an kashe mata ƙwayoyin cuta tukuna. Ta tasha kuwa, Allah kaɗai Ya san rabinta sukari ne ko me. Kuma a kan gyambon suga musamman, jagorar 2023 ɗin da na ambata ba ta ba da shawarar dogaro da zuma ba. Kar kwalbar zumata ta zama dalilin da wani zai ƙara mako biyu a gida.

Sabon rauni a gona, abin yi ba shi da tsada: a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa da sabulu, ba ruwan kanal ba, a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a rufe, a je a yi allurar tetanas a ranar. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora a ƙasa da takin dabbobi take zaune, wato dai inda muke wuni. Mai suga kuma ya sani ƙafarsa na iya daina jin zafi, ƙusa ta shige shi bai sani ba. Ya sa dogon takalmin roba in zai shiga ruwa, ya zazzage shi kafin ya sa, kuma kowane dare a haska masa tafin ƙafa da tocila, har tsakanin yatsu. Faso ma ƙofa ne. Lokacin sanyi kar ya miƙa ƙafa bakin wuta.

Wani abin da ke ɓata ciwo shi ne alwala. Dattijo ba zai yarda ya yi salla bai wanke ƙafa ba, sai ya kwance bandeji sau biyar a rana ya jiƙa ciwon da ruwan buta. Baba, addini ya yi maka sauƙi. A fiƙihunmu na Malikiyya, in wanke wurin zai cutar, shafa ake yi a kan abin da aka ɗaure da shi, kuma jinin da ya fito daga rauni ba ya karya alwala. In likita ya ce kar a taka ƙafar, salla a zaune ta inganta, ladanka na nan.

*Iyayenmu mata masu ɗinkin tiyata*

Wata baiwar Allah ta taɓa tambaya ko PRP zai sa ɗinkin haihuwa ya yi saurin kamewa. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kai, har da wani a Iran, inda likita ke sa shi a ɗakin tiyata lokacin rufe ciki, aka ga raguwar ja da zafi. Amma bai zama abin da ake yi wa kowa ba, kuma yawancin ɗinki yana kamewa da kansa in an bar shi a bushe cikin tsabta. Maigida, kuɗin da za ka nema don wannan, sayo mata ƙwai da wake da kifi da maganin ƙarin jini, nama da abinci yake cikowa. Uwar miji da ungozoma kuma, don Allah a tambayi asibiti kafin a fara wankan jego, kar a watsa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki. In wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar, kar a jira suna ya wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To yaushe zan ce wa mutum ya yarda a yi masa PRP? In likitan da ke bin ciwon ne da kansa ya kawo maganar, a asibiti mai rajista, bayan an daidaita suga, an kashe ƙwayar cuta, an tabbatar jini na isa ƙafar, an yi makonni ana diresin ciwon ya tsaya cak. A lokacin ma ka tambaya: sau nawa za a yi, nawa ne jimilla ba na zama ɗaya ba, a gabana za a buɗe sabuwar kwalba da sabon sirinji a rubuta sunana, kuma in an yi sau kaza ba a ga canji ba za a tsaya? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce maka tabbas za ka warke, ya faɗi abin da masu binciken da kansu ba su faɗa ba.

Abin da na gaya wa matashin shi ne: gobe da sassafe ku sa Baba a mota, ba a babur ba, kar ya taka ƙafar. Ku fara da Babban Asibitin Kura tunda shi ne kusa, a auna suga, a buɗe ciwon a gani. In sun tura ku Kano, ko Murtala, ko asibitin Malam, ko na ƙashi da ke Dala, ku wuce a ranar, kar ku koma gida shawara. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ku tafi da su, har na gargajiya, kuma ku faɗi duk abin da aka sa wa ciwon, har man birkin, ba kunya a ciki. In an ce hoton ƙafa, ku yi. In an ce kwanciya, ku kwanta. In kuɗi ya zama dole, buhun shinkafa ake fara ɗagawa, a kan gado da magani da gwaji za a kashe shi.

Ya ce Baban ne ba ya son asibiti, yana tsoron a ce za a yanke. Na ce ya ba shi wayar. Mun yi kusan minti ashirin, yawanci shi ke magana ina saurare, har labarin shekarar da aka fara sako ruwa a kanal ɗinsu ya ba ni. A ƙarshe ya ce to, bayan sallar asuba.

Duk wanda saƙon nan ya iso gare shi, ya sa wannan dattijo a addu'a.